DAGA BAKIN ALLO: Tatsuniyar Sinawa Da Ta Mai Da 'Ya'yansu Gida

A wannan karo za mu yi doguwar tafiya, daga Amurka har zuwa ƙasar Sin, domin mu duba wani littafin yara, mu ga irin aikin da ya yi a zukatan 'ya'yan Sinawa waɗanda aka haifa nesa da ƙasar iyayensu. Mai karatu zai iya cewa, ina ruwan biri da gada? To, a yi mana haƙuri a bi mu sannu. Tambayar da littafin ya amsa wa Sinawan Amurka tambaya ce da duk mai renon ɗa a cikin jama'ar da ta fi tasa yawa ya san nauyinta. Wato me zai sa yaro ya faɗi asalinsa a gaban abokansa ba tare da ya sunkuyar da kai ba?

Sunan littafin da Turanci shi ne Where the Mountain Meets the Moon, wato inda dutse ya haɗu da wata. An buga shi a Amurka a shekarar 2009, kuma a 2010 ya sami lambar yabo ta Newbery, wadda ƙungiyar masu kula da ɗakunan karatu ta Amurka ke bai wa fitattun littattafan yara. Wadda ta rubuta shi, ta kuma zana hotunan cikinsa da hannunta, ita ce Grace Lin. An haife ta a 1974 a wani ƙaramin gari mai suna New Hartford a jihar New York. Iyayenta daga tsibirin Taiwan suka yi ƙaura zuwa can.

Kafin mu shiga littafin, ya kamata mu san halin da Sinawa suka sami kansu a Amurka. Sun fara zuwa da yawa ne tun wajen 1850, lokacin haƙar zinariya a Kalifoniya, kuma dubbansu suka yi aikin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa da ta ratsa ƙasar, wadda aka gama a 1869. Duk da wannan wahala da suka sha, a 1882 majalisar Amurka ta kafa dokar hana ma'aikata Sinawa shiga ƙasar, ba a soke ta ba sai a 1943. Sai bayan sabuwar dokar shige da fice ta 1965 ne ƙofa ta buɗe sosai, masu ilimi da yawa suka shigo daga Taiwan da Hong Kong. A ƙidayar 2020 masu asalin Sin a Amurka sun haura miliyan 5. Yawa ne, amma a ƙasa mai mutum sama da miliyan 330 'yan tsiraru ne, musamman ga wanda ya zauna a ƙaramin gari nesa da unguwannin 'yan'uwansa.

A irin wannan gari Grace Lin ta tashi. Ta sha ba da labari da bakinta cewa in ka ɗebe ita da 'yan'uwanta mata, da wuya a ga wani yaro mai kama da ita a makarantarsu. Saboda haka sai ta ƙudura a ranta ta manta da cewa ita 'yar Sinawa ce. Ta ƙi koyon harshen iyayenta, ba ta son a yi mata zancen al'adunsu. A wani jawabi da ta yi a 2016 ta faɗi abin da ya same ta tana firamare, lokacin da makarantarsu ta shirya wasan kwaikwayo na sanannen labarin nan na Amurka, The Wizard of Oz. Ta so ƙwarai a ba ta matsayin Dorothy, yarinyar da labarin ke kanta, sai wata 'yar ajinsu ta gaya mata cewa ba zai yiwu ba, domin Dorothy ba Basiniya ba ce. Maganar ta yi mata ciwo, har ta janye jikinta daga neman matsayin. Mu malamai mun san irin wannan magana. Yaro ne ke faɗa wa yaro a filin wasa cikin daƙiƙa biyu, amma wanda aka faɗa wa yakan riƙe ta shekara ashirin.

Mahaifiyarta ba ta yi mata faɗa ba. Dabara ta yi. Ta san 'yarta mayyar karatu ce, sai ta samo 'yan littattafan tatsuniyoyin Sinawa da aka fassara da Turanci, ta jera su a kan kanta a cikin gida, ta yi shiru. Yarinya ta gama karance abin da ke gidan, dole ta kai hannu gare su. Ita da kanta ta ce da farko ba su burge ta ba, domin fassarar ba ta da daɗi, takardar ba ta da kyau, labaran kuma a guntule suke. Amma sai ta riƙa cike giɓin da nata tunani, tana ƙaga wa mutanen cikin labaran kamanni da halaye. Bayan ta girma ta yi karatun zane-zane, har ta je birnin Rum na Italiya ƙaro ilimi, a can ne ta lura cewa ta fi sanin tarihi da fasahar Turai a kan na iyayenta. Daga baya ta ziyarci Hong Kong da Taiwan da ƙasar Sin, ta ga duwatsu da koguna da tsofaffin birane da idonta, sai labaran nan na kan kanta suka dawo mata. Daga nan littafin ya fito. Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Ga labarin a taƙaice. Wata yarinya ce mai suna Minli, tana zaune da iyayenta a wani ƙauye na matalauta a gindin wani baƙin dutse wanda ko ciyawa ba ta fita a kansa. Kullum suna cikin taɓo suna noman shinkafa, abin da suke samu da ƙyar yake kai su. Uban yakan yi wa 'yarsa tatsuniya kowane dare, uwar kuwa ba ta da aiki sai ajiyar zuciya da kukan rashi, tana ganin tatsuniya ɓata lokaci ce. Ran nan sai Minli ta kama hanya ita kaɗai, za ta nemi Tsohon Wata, wanda aka ce littafin rabon kowa yana hannunsa, domin ta tambaye shi yadda arzikin gidansu zai sauya. A hanya ta gamu da wani diragon wanda ba ya iya tashi sama, ta kwance shi daga ɗaurin da birai suka yi masa, suka zama abokan tafiya, shi ma yana son a tambayo masa dalilin lalurarsa. Bayan wahaloli masu yawa ta isa gaban Tsoho, sai ya ce mata tambaya ɗaya tak aka yarda ta yi. Ta yi shiru ta auna, ta ga tana da uwa da uba masu ƙaunarta, sai ta bar tata buƙata ta yi tambayar abokinta. Aka ce a cire wani dunƙule da ke bisa kansa, shi ke danne shi. Da aka cire ya tashi sama ya kai ta gida, ashe dunƙulen nan lu'ulu'u ne mai daraja ƙwarai. A can gida kuma uwar ta riga ta gane cewa rashin godiyarta ne ya kori 'yarta. Daga ƙarshe dutsen ya yi tsiro, ƙauyen ya wadata.

A nan sai mu yi bayanin diragon, don kada a ɗauka dodo ne irin na tatsuniyoyinmu. A labaran Turawa mugun abu ne mai fesa wuta, wanda jarumi ke kashewa. A wurin Sinawa kuwa, waɗanda ke kiransa Long, halitta ce ta almara mai jikin maciji da ƙahoni da farata, mai kawo ruwan sama da albarka, kuma alama ce ta sarauta. Yana cikin dabbobi 12 da suke lissafin shekaru da su, shekarar 2012 da ta 2024 duk nasa ne. Yaro Basine da ya tashi a Amurka yana kallon fina-finan da ake kashe diragon, sai ga littafi ya nuna masa diragon mai kunya da ladabi da riƙon amana. Ta nan kaɗai ya fahimci dalilin da ya sa manyansa ke rawa da siffar wannan dabba a bikin sabuwar shekara.

Gwanintar littafin ita ce yadda aka saƙa tsofaffin labarai a cikin sabo. Duk inda Minli ta yada zango, wani zai ba ta labari, kuma kusan kowane labari yana da saiwa a tsohuwar almarar Sinawa. Tsohon Wata tun zamanin daular Tang, wadda ta yi mulki daga 618 zuwa 907, ake ba da labarinsa, cewa yana ɗaura jan zare tsakanin waɗanda aka ƙaddara za su yi aure. Yadda abokin Minli ya fito daga jikin zane bayan an ɗiga masa idanu ya samo asali ne daga labarin wani mai zane na ƙarni na 6, Zhang Sengyou, wanda aka ce ya zana diragon huɗu a bangon wani ɗakin ibada ya bar su ba idanu, da aka matsa masa ya ɗiga wa biyu sai suka tashi sama. Har yau Sinawa suna da karin magana a kan wannan, suna nufin ɗan abin ƙarshe da ke cika aiki. Akwai labarin mutumin da ke saran itace a kan wata, yana sara yana tohowa. Akwai na makiyayi da masaƙiya, taurari biyu da ba sa haɗuwa sai sau ɗaya a shekara, ran 7 ga watan 7 na lissafinsu. Akwai kuma na diragon huɗu da suka rikiɗe suka zama manyan kogunan ƙasar, wato Baƙin Kogi na arewa, da Rawayan Kogi, da Dogon Kogi wanda duniya ta sani da Yangtze, da Kogin Lu'ulu'u na kudu. Yaro yana karanta tatsuniya, bai san an koya masa taswirar ƙasar kakanninsa ba.

To, ta yaya irin wannan littafi ke gina yaro? Abu na farko shi ne ganin kai. A 1965 wata malama a Amurka, Nancy Larrick, ta bincika littattafan yara sama da 5,000 da aka buga tsakanin 1962 da 1964, ta tarar waɗanda baƙar fata ya fito a cikinsu ba su kai kashi 7 cikin 100 ba. A 1990 kuma Farfesa Rudine Sims Bishop ta jami'ar jihar Ohio ta kwatanta littafi da madubi da kuma taga. Ta ce yaro yana buƙatar taga don ya hango rayuwar wasu, yana kuma buƙatar madubi don ya ga kansa. Wanda kullum sai taga ake ba shi, a hankali zai ɗauka irinsa ba su isa a rubuta labarinsu ba. Minli yarinya ce Basiniya mai cin shinkafa da tsinke, kuma ita ce jarumar da ta bar gida, ta yi abokai a hanya, ta je gaban mai amsa tambaya, ta dawo. Masu nazari sun lura da kamar da ke tsakanin tafiyarta da ta Dorothy. Ashe yarinyar da aka hana zama Dorothy ta girma ta ƙago wa ƙannenta tasu.

Abu na biyu shi ne hanyar da abin ya shigo. Al'adar da aka cusa wa yaro da tsawa, yakan haɗa ta da ɓacin rai, ya jira ranar da zai yar da ita. Wadda ta shigo ta hanyar labari mai daɗi kuwa, shi da kansa zai bi sawunta. Yaron da ya so Minli zai so ya san ko da gaske akwai Tsohon Wata a labaran mutanensu, kuma wa zai tambaya in ba kakarsa ba? Daga nan hira ta buɗe tsakanin tsohuwar da Turancinta bai nuna ba da jikan da Sinancinsa bai nuna ba. Idan bikin tsakiyar kaka ya zo, ran 15 ga watan 8 na lissafinsu, aka fito kallon wata ana cin wainar da suke yi don bikin, yaron ya riga ya san akwai labarai a bayan abin.

Abu na uku shi ne tarbiyyar da ke ciki. Girmama iyaye da godiya da fifita aboki a kan kai su ne ginshiƙan labarin, kuma babu inda aka tsaya ana yi wa yaro huɗuba. Ya gani ne a aikace, lokacin da Minli ta sadaukar da tambayarta guda. Haka kuma littafin ya yi adalci, domin ya nuna cewa babba ma yana kuskure. Uwar ce ta koyi darasi mafi zafi. Iyayen da suka yi ƙaura don neman arziki, suka wayi gari ba su da zance da 'ya'yansu sai na kuɗi da sakamakon jarrabawa, su ma akwai nasu saƙo a ciki.

Abu na huɗu ya shafi sauran yara. Da yake littafin ya ci lambar yabo, ya shiga makarantu da ɗakunan karatu a faɗin Amurka, 'ya'yan Turawa da na baƙar fata da sauransu suka karanta shi. Yaron da ya yi sati yana bin Minli da zuciya ɗaya, da wuya ya fito ya yi wa mai kama da ita dariya. Mutuncin 'yan tsiraru yana ƙaruwa ne idan maƙwabta ma sun san labarinsu.

Amma fa kada mu yi wa abin kwalliya fiye da kima. Akwai masu cewa irin waɗannan littattafai ba su ne ainihin almarar Sinawa ba, kuma da gaskiyarsu ta wani fanni. Alal misali, a tsohon labarin koguna huɗu, Sarkin Sama ne ya hukunta diragon huɗu saboda sun kawo wa mutane ruwa ba da izininsa ba. Grace Lin ta mai da shi labarin uwa da 'ya'yanta, inda uwar ta yi fushi ta hana ruwa, 'ya'yan suka sadaukar da kansu suka zama koguna. Wannan gardama tsohuwa ce a tsakanin marubuta Sinawan Amurka. Bayan Maxine Hong Kingston ta fitar da littafinta The Woman Warrior a 1976, inda ta sake fasalin labarin jaruma Mulan, wani marubuci, Frank Chin, ya zarge ta da gurɓata gadon Sinawa don ta faranta wa Turawa. A ganinmu, labarin baka bai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba. Shahararren littafin Sinawa na Tafiya Zuwa Yamma, mai babi 100, wanda aka buga a 1592, ya taso ne daga tafiyar gaske da wani malamin addinin Buda, Xuanzang, ya yi zuwa Indiya ya dawo a 645. Masu ba da labari ne suka yi ta ƙari har Sarkin Birai ya shigo ya mamaye shi. Mu ma mun san yadda Alhaji Abubakar Imam ya tattaro labarai daga littattafan Larabawa da na Indiya da na Turawa ya sa musu rigar Hausa a Magana Jari Ce, kuma ba wanda ya ce ba namu ba ne. Abin da ake buƙata ga marubuci shi ne ya san tushen, ya kuma faɗi gaskiya cewa ya yi gyara, kamar yadda Grace Lin ta yi a bayanin da ta rubuta a ƙarshen littafinta.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi. Littafin da Turanci aka rubuta shi, don haka zai iya mayar wa yaro da alfahari da asalinsa, amma ba zai mayar masa da harshen da ya kuɓuce ba. Karin magana da zaurance da barkwanci duk a cikin harshe suke zaune, fassara ba ta ɗauko su duka. Iyakar abin da littafin zai yi shi ne ya sa yaro ya so ya koya. Sauran aikin na gida ne.

A nan ne zancen ya iso ƙofarmu. 'Ya'yanmu a Nima da zangon Kumasi da Tamale suna jin Hausa a gida da kasuwa, amma karatunsu da Turanci ne, kuma Hausa ba ta cikin harsunan ƙasa da ake koyarwa a makarantun gwamnati. A aji suna karanta labarin Ananse, wanda abu ne mai kyau, domin na maƙwabtanmu ne. Sai dai da yawansu ba su san cewa muna da Gizo da matarsa Ƙoƙi ba, balle su gane cewa gizo-gizon nan mai wayo ya haɗa mu zumunci da Asantawa tun a tatsuniya. Da wuya ka sami ɗan firamare da ya ji sunan Ruwan Bagaja, alhali shi ma labarin tafiya ce ta neman wani abu mai wuyar samu, kamar tafiyar Minli. Kuma ba za mu ce ba mu da gado a nan ƙasar ba. Ɗaya daga cikin tsofaffin kundayen tatsuniyoyin Hausa a nan aka rubuta shi, zamanin ana kiran ƙasar Gwalkwas. Malam Shaihu ne ya rubuta da ajami, Bature R. S. Rattray ya fassara, aka buga a 1913 cikin littafi biyu.

Saboda haka muna kira ga iyaye su ari dabarar mahaifiyar Grace Lin. Duk mai zuwa Kano ko Zariya, ko mai ɗan'uwa a can, ya sa a sayo masa Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja da Iliya Ɗan Maiƙarfi, ya ajiye inda hannun yaro zai kai. In yaron bai iya karanta Hausa ba, a karanta masa shafi biyu bayan sallar isha'i, a tsaya a daidai inda labari ya yi daɗi, gobe shi zai tuna muku. Tsofaffinmu mata da ke da tatsuniyoyi a ka, a ɗauki muryarsu a waya tun suna raye. Malamai 'yan'uwanmu kuma, idan lokacin ba da labari ya zo a aji, a bai wa ɗan zango dama ya kawo na gidansu, sauran yara su ji.

Babban kiranmu ga matasanmu ne masu ilimi da masu iya zane. Littattafan da muka lissafa an rubuta su ne don yaran wani zamani da wani wuri. Yarinyar da aka haifa a Nima tana buƙatar labarin da jarumarsa ke zaune a gidan haya irin nasu, tana jin Hausa da Turanci da Tuwi, ta kuma gamu da Gizo ko Dodo a kan hanyarta. Ba wanda zai zo daga wata ƙasa ya rubuta mana shi. Grace Lin ta ƙara littattafai biyu a kan wancan, a 2012 da 2016, kuma a 2022 aka ba ta lambar girmamawa saboda dukan aikin da ta yi wa adabin yara, duk daga 'yan littattafan da uwa ta ajiye a kan kanta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Duk wanda ke da tatsuniyar da ya ji daga bakin kakarsa a nan ƙasar, ya rubuto mana ta hannun edita, za mu riƙa sa su a wannan fili ɗaya bayan ɗaya.